Abin da na gaya masa kafin a ɗaura mana aure a coci

An yi mini baftisma ina jaririya a cocin Katolika, a cikinta kuma na tashi. Mahaifiyata ta rasu ban kai shiga makaranta ba, sai gwaggona, ƙanwar babana, ta ɗauke ni ta haɗa da 'ya'yanta. Ba ta taɓa nuna mini cewa ba ita ta haife ni ba. Ita ta riƙe hannuna ta kai ni ajin koyon addini, ita ta tsaya a bayana ranar da na fara karɓar Jibin Ubangiji, ita kuma ta sa ni cikin mawaƙan coci da ta ji ina da murya. Na fara da wannan ne domin labarin da zan bayar ya shafe ta, kuma ba na so wani ya karanta ya ɗauke ta muguwar mace. Duk abin da ta yi, ƙauna ce ta sa ta.

Zama cikin mawaƙa ya sa na ga ɗaurin aure da yawa tun ina yarinya. Daga inda muke tsayawa ana hango bagade sosai. A ganina a lokacin, Fada ne mai ɗaura aure: shi ya sa rigar hidima, shi yake tambaya, shi yake sa albarka, ango da amarya kuwa nasu amsawa ne kawai. Da wannan fahimtar na girma har na haɗu da wanda yake maigidana a yau.

Mutum ne mai sanyin hali, ba shi da yawan magana. Shi kaɗai ne namiji a ɗakin mahaifiyarsa, kuma yana da son yara irin wanda ba ya ɓoyuwa. In muna hira ya kan kawo zancen 'ya'yan da za mu haifa kamar ya riga ya san fuskokinsu. Ni ma ina jin daɗin zancen.

Da magana ta kankama tsakanin iyaye, muka je wurin Fada mu sa rana. A nan na fara gane cewa auren coci yana da nasa tsari. Ya ce mu ajiye maganar rana tukuna, akwai watanni na shiri a gabanmu. Ya ce kowa ya koma cocin da aka yi masa baftisma ya karɓo sabuwar takardar shaida, ba tsohuwar da ke cikin akwati ba. Dalili shi ne duk Katolikan da ya yi aure, ana aika labari cocin da aka yi masa baftisma a rubuta a gefen sunansa, don haka sabuwar takarda ce take nuna ko mutum yana da igiyar wani a kansa. Ya tambaya ko an yi mana sakramentin tabbatarwa, wato hidimar da take ƙarfafa bangaskiyar wanda aka yi wa baftisma. Ya tambaya ko akwai dangantakar jini tsakaninmu, domin dokar Ikilisiya ta hana aure tsakanin 'yan'uwa na kusa, har da 'ya'yan wa da ƙani, waɗanda su ba sa auren juna sai in bishop ya ba da izini na musamman. Daga nan ya shigar da mu ofis ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai, ya sa hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya amsa tambayoyi: ko wani ya tilasta maka, ko ka taɓa aure, ko ka yarda aure na har mutuwa ne, ko kana shirye ka karɓi 'ya'ya. Na amsa duka da zuciya ɗaya. A ranar ba ni da abin ɓoyewa.

Aka sa mu a ajin shirin aure. Wasu dattawa biyu, miji da mata, su ne masu koyarwa, Fada kuma yana shigowa lokaci zuwa lokaci. A wannan ajin ne tsohuwar fahimtata ta rushe. Dattijon ya ce a Ikilisiyar Katolika ta Roma, ango da amarya su ne suke ba juna sakramentin aure. Fada ko dikin, wato mai hidima da ke ƙasa da Fada, yana tsayawa ne a madadin Ikilisiya ya nemi yardarsu ya karɓa, tare da shaidu biyu, sannan ya sa albarka. Tun 1563, lokacin babban taron bishop-bishop a Tirent ta ƙasar Italiya, aka wajabta a yi auren a gaban Fada da shaidu, domin kafin nan mutane suna yin alkawari a ɓoye, daga baya ɗaya ya musanta. Amma abin da yake ƙulla auren shi ne yardar mutum biyun nan, kuma kundin dokokin Ikilisiya na 1983 ya ce babu wani iko na ɗan Adam da zai iya cike gurbin wannan yarda in babu ita. Iyaye ba za su iya yarda a madadinka ba, bishop ma haka. Na rubuta wannan a littafina don ya burge ni. Ban san da ni ake ba.

Ajin bai yi nisa ba na kwanta ciwo. Na daɗe ina fama da ciwon mara da zubar jini mai yawa, ina daurewa, ina ce wa kaina haka jikina yake. Wata rana na faɗi a wurin aiki. A asibiti aka ce ƙari ne a mahaifa, ya girma, sai an yi aiki. Likita ya ce zai yi ƙoƙari ya cire ƙarin ya bar mahaifar. Da na farfaɗo, gwaggo ce zaune a gefen gado, idanunta sun kumbura. Jini ya ƙi tsayawa a lokacin aikin, dole ta sa aka cire mahaifar gaba ɗaya don a ceci raina.

Ba zan iya kwatanta kwanakin da suka biyo baya yadda ya kamata ba. Ina jin kukan jarirai daga wani ɗaki, sai in juya fuska bango. Saurayina yana zuwa kullum bayan ya tashi aiki, ya zauna shiru, ya riƙe hannuna, ya yi addu'a. An gaya masa aiki ya yi kyau, an cire ƙari. Iyakar abin da ya sani ke nan.

Da aka sallame ni, gwaggo ta kulle ƙofar ɗaki ta zaunar da ni. Ta ce, “'Yata, ki saurare ni da kyau. Daga ni sai ke sai likita muka san wannan magana. Babanki ma ban gaya masa ba. Ki rufa wa kanki asiri. Ba kowace gaskiya ake faɗa ba.” Na ce, “Gwaggo, in ya gane daga baya fa?” Ta ce, “Daga baya an riga an ɗaura. Auren Katolika ba saki. Zai yi fushi, zai huce. Mata nawa ne suka zauna ba haihuwa, ba wanda ya san dalili? In kika faɗa yanzu, uwarsa ba za ta bari ba, ɗa ɗaya gare ta. Wa zai aure ki bayan magana ta fita?” Tana faɗa tana kuka. Ta riƙe ni tun ina ƙarama, yanzu tana ganin rayuwata za ta lalace a gaban idonta, tana neman ta tare da duk abin da hannunta ya kai.

Maganarta ta shige ni, domin kusan duk abin da ta faɗa haka yake. Na koma aji da jikina ya yi ƙwari, na zauna kusa da shi, ana koyar da abin da Waliyi Agustin ya kira alheran aure uku: 'ya'ya, aminci, da igiyar da ba ta tsinkewa. Da aka ambaci na farko sai ya taɓa ni da gwiwar hannu yana murmushi. Na mayar masa da murmushi, na fita waje na yi amai. Barci ya ƙaurace mini. In na durƙusa zan yi addu'a, kalma ba ta fitowa. A Lahadin da aka fara shelar aurenmu a coci, mai karantawa ya faɗi sunayenmu ya ce duk wanda ya san wani dalili da zai hana wannan aure, wajibi ne ya sanar da Fada. Ina cikin mawaƙa a tsaye. A duk majami'ar nan mutum biyu ne suka san wani abu, kuma ɗayan ni ce.

Washegari na je ofishin Fada. Ban je don in tona ba. Na je ne da tambaya a nannaɗe, wai wata ƙawata ce abin ya samu. Ya saurara har na gama, ya ce, “'Yata, ƙawar nan taki tana shan wahala ƙwarai. Ki bar ta ta yi magana da bakinta.” Sai na fashe da kuka na faɗi komai.

Bai yi mini wa'azi ba. Ya jawo kundin dokoki ya buɗe doka ta 1084 ya karanta mini, yana fassarawa a hankali. Rashin iya saduwar aure, in ya riga auren kuma ba ya warkewa, yana hana aure. Rashin haihuwa kuwa ba ya hana aure, ba ya kuma ɓata shi. Ya ce, “Kin ji? A idon Ikilisiya ke cikakkiyar mace ce, babu abin da ya rage ki. Za ki iya yin aure gobe.” Tun da na farfaɗo daga aiki ba wanda ya gaya mini magana mai sanyi irin wannan. Sai ya nuna mini cewa wannan dokar da kanta ta tura mai karatu zuwa wata, ta 1098. Ita kuma cewa ta yi: wanda aka yaudara da gangan domin a sami yardarsa, a kan wani hali na abokin auren da zai iya dagula zaman aure ƙwarai, aurensa bai ƙullu ba. Ya rufe littafin ya ce, “Gwaggonki ta ce in an ɗaura an ɗaura. To, a wannan hanyar ba za a ɗaura komai ba. Za a yi biki, za a sa zobe, ku koma gida ba aure tsakaninku. Ran da ya gane, in ya kai ƙara kotun Ikilisiya, abin da za ta bincika shi ne ko auren ya taɓa kasancewa tun farko.”

Na ce, “Fada, in na faɗa zai tafi.” Ya ce, “Yana iya tafiya. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Ni ba zan gaya masa ba, maganar taki ce. Amma ba zan iya tsayawa a bagade in tambaye shi yardarsa ba alhali na san bai san abin da yake yarda da shi ba.”

Kafin in fita ya ba ni wurare biyu in karanta. Na farko a Farawa sura 29, inda Laban ya shigar wa Yakubu da Lai'atu cikin dare a maimakon Rahila, gari ya waye Yakubu ya ga an ruɗe shi, gidan kuma ya tashi cikin kishi da ɓacin rai. Na biyu a littafin Tobit sura 7. Saratu 'yar Raguwel ta yi aure sau bakwai, kowane miji yana mutuwa a daren farko. Da Tobiya ya zo neman aurenta, mahaifinta yana da dama ya yi shiru ya rabu da nauyi, amma ya zaunar da saurayin ya gaya masa gaskiya duka kafin ya ba shi ita. Na sha rera waƙa bayan an karanta addu'ar Tobiya da Saratu a wurin ɗaurin aure, ban taɓa lura da abin da ya gabace ta ba. Na karanta surar nan har takardar ta yi laushi.

Na gaya wa gwaggo shawarar da na yanke. Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata.

Na kira saurayina muka zauna a harabar coci da yamma. Na shirya kalmomi tun dare, amma da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, “An cire mini mahaifa. Ba zan taɓa haihuwa ba.” Ya dube ni kamar bai ji ba. Ya tambaya yaushe na sani, na gaya masa. Ya tambaya wa ya sani, na gaya masa. Na ce ban riƙe shi da komai ba, in ya janye ba zan ga laifinsa ba, kuma ba zan faɗa wa kowa wani abu marar kyau a kansa ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, “Ki ba ni lokaci.” Ya raka ni har bakin hanya ya juya.

Makonni suka shuɗe ba kira, ba saƙo. Aka dakatar da shela, kuma a coci ba a rasa masu lura. Wasu suka ce an kama ni da wani, wasu suka ce shi ne ya sami wata. Na daina hawa wurin mawaƙa, ina zuwa Misar asuba in zauna a baya. Wannan lokacin ya fi kwanciyar asibiti zafi. Duk da haka barcina ya dawo, addu'a ta dawo bakina, ko da yake yawancinta ƙorafi ne nake kai wa Allah. Gwaggo ta sauko da kanta. Wani dare ta shigo ta kwanta a gefena kamar lokacin da nake ƙarama, ba ta ce ta yarda da abin da na yi ba, ni ma ban nema ba.

Daga baya ya ba ni labarin yadda ya yi waɗannan makonnin. Ya yi fushi da Allah, ya yi fushi da ni saboda kwanakin da na bar shi yana zancen 'ya'ya ina murmushi. Ya je wurin dattijon ajinmu ya tambaye shi kai tsaye ko aure ba 'ya'ya aure ne. Dattijon ya nuna masa inda babban taron Batikan na Biyu ya rubuta a 1965 cewa ba don haihuwa kaɗai aka kafa aure ba, kuma ko an rasa 'ya'yan da ake marmari, auren yana nan da darajarsa da ƙarfin igiyarsa. Ya kuma gargaɗe shi kada ya aure ni don tausayi, ya ce tausayi yana ƙarewa, kuma in ya ce “na yarda” yana ajiye wata ƙofa a zuciyarsa ta neman ɗa a waje, to shi ne zai zama mai yaudarar. Wannan gargaɗin, in ji shi, shi ya fi tsayar da shi tunani.

Ya dawo. Bai zo da dogon jawabi ba. Ya ce ya auna rayuwa da 'ya'ya ba ni, ya auna rayuwa da ni ba 'ya'ya, ya san wadda zai iya ɗauka. Ya ce shi zai gaya wa mahaifiyarsa da bakinsa, kuma kafin aure. Mama ta yi kuka, ta ce ba da yawunta ba. Fada ya je ya same ta, ya ba ta girmanta, ya saurare ta har ta gaji, ya kuma gaya mata a fili cewa albarkar iyaye abin nema ce ƙwarai amma yardar ɗanta ce take ƙulla aure. Ba ta sauko a ranar ba.

Muka koma farkon shiri. Fada ya sake shigar da mu ofis ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta a takarda cewa ango ya san halin da amarya take ciki, ya sa hannu. Aka sake shela. Ana gobe aure muka je muka furta zunubanmu, kamar yadda Ikilisiya take ƙarfafa masu shirin aure su yi.

A tsarin ɗaurin aure akwai tambayoyi uku kafin alkawari: ko kun zo da yardar ranku ba tilas, ko za ku ƙaunaci juna ku girmama juna muddin rai, ko za ku karɓi 'ya'ya daga wurin Allah ku rene su bisa koyarwar Almasihu da Ikilisiyarsa. Littafin hidimar ya ba da dama a tsallake ta ukun in hali ya sa, misali in ma'auratan sun manyanta. Fada ya bar mana zaɓi. Maigidana ya so a yi ta, ya ce ai Allah yana ba da 'ya'ya ta hanyoyi da yawa. Ni na roƙa a bar ta. Na sha wuya kafin in fita daga maganar da ake faɗa da ma'ana biyu, ban so in tsaya a gaban bagade in amsa abin da jama'a za su ji ta wata fuska ni kuma ina nufin wata. Ya yarda. Da lokacin alkawari ya yi, ya kama hannuna na dama ya ce ya ɗauke ni matarsa, cikin daɗi da wuya, cikin ciwo da lafiya, dukan kwanakin ransa. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Ya san abin da kowace kalma take ɗauke da shi, ni ma na san ya sani. Mama ta zo, ta zauna a layi na biyu, ba ta yi murmushi ba, amma ta zo.

Shekaru sun tafi yanzu. Ba zan ce ciwon ya warke sarai ba. Ranar baftismar jarirai har yau tana yi mini nauyi, shi ma na kan ga yadda yake bin 'ya'yan abokansa da kallo. Mun yi faɗa irin na kowane gida, an kuma sami masu zuwa su raɗa masa shawarar da ba sai na faɗa ba. Abin da bai taɓa fitowa daga bakinsa ba, ko a cikin fushi mafi tsanani, shi ne “kin cuce ni.” Da na bi ɗaya hanyar, da wannan kalmar ce za ta zauna tare da mu a ɗaki har mutuwa.

Mama ta yi doguwar jinya kafin ta rasu, a gidanmu ta yi ta, ni na yi mata wanka na juya ta a gado. A watanninta na ƙarshe ta daina kirana “matar ɗana”, ta koma “'yata”. Gwaggo tana nan da ranta, ta tsufa. Har yau in zancen ya taso ta kan ce na yi ganganci, Allah ne kawai ya rufa asiri, ni kuma ba na jayayya da ita.

Da dattawan ajinmu suka gaji, Fada na yanzu ya roƙe mu mu karɓi ajin. Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya rubuta a 1981 cewa shirin aure yana farawa tun daga ƙuruciya a gida, ya bi ta lokacin neman aure, ya ƙare da makonnin dab da biki, kuma a aji muna ganin waɗanda suka zo da na ƙarshen kawai, hankalinsu duk yana kan kaya da hotuna. Mu kan ba su wani zama guda da ba koyarwa a ciki. Kowane saurayi da budurwarsa su nemi gefe su zauna, su gaya wa juna abin da ba su taɓa faɗa ba: ciwo, bashi, ɗa a waje, tsohon alkawari. Akwai waɗanda suka ɗaga ranar aurensu bayan wannan zaman, akwai waɗanda suka rabu, kuma iyayen wasu sun zo har gida sun yi mana faɗa.

Maganar ɗaukar maraya mu rena ta daɗe a tsakaninmu. Shi ya shirya tun tuni, ni ce nake jan ƙafa, ina tsoron kada in ɗora wa yaro nauyin cike wani gurbi da ba nasa ba. A bana na ce masa mu je mu ji sharuɗɗan hukuma. Mun karɓo takardun, mun cike rabi, sauran suna jiran shaidar likita da wasiƙar Fada.